Asabar ɗin da faifai ya cinye

Asabar ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe goma na safe, ɗan ƙanena ya yi sallama a ƙofar gidana. Yaro ne mai hankali, shekararsa 32, yana da aikin yi, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baffa, don Allah raka ni Sabon Gari. Wani tsoho ne ya rasu, 'ya'yansa za su sayar da kwali uku na faya-fayansa na waƙa, kai ne kuma ka san na ƙwarai." Na ce to, bari in sako hula. Da na fito sai na hangi motarsa a bakin titi, yara biyu a kujerar baya. An yi musu wanka an shafe su da mai, macen har da sabon kitso. Uwarsu tana gaba, kular abinci a kan cinya. Na tambaye shi ina suka nufa. Ya ce gidan zu ya yi musu alƙawari, amma rabin awa kawai za mu yi a Sabon Gari, daga nan su wuce.

Na san wannan rabin awar. Na faɗe ta da bakina ya fi sau ɗari. Na koma ciki na ajiye hular, na ce masa ba inda za ni.

Na kama aikin gwamnati a Kano ina saurayi, ban daɗe ba kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka sauka a 1975. Abokaina wasu suka sayi babur, wasu suka yi aure. Ni kuwa na shiga Sabon Gari na ɗauko wata babbar rediyo mai jikin katako, irin mai cin faifai daga sama, aka ɗora mini ita a kura har ɗakina. Faifai biyu na haɗa da ita a ranar. Har yau ina jin yadda gabana ya faɗi da na sauke allura a karon farko, aka yi wannan 'yar ƙarar ta "cas-cas", sannan kalangu ya tashi kamar makaɗan suna tsugune a gefen katifata. Wanda aka haifa ya tarar da waƙa a waya ba zai gane ba. A lokacin, in kana son waƙa sai dai ka jira gidan rediyo ya ga damar saka ta, ko ka bi mawaƙin zuwa gidan biki. Sai ga shi murya ta zama abin da za ka saya, ka ajiye, ka tayar da ita tsakar dare in ka so.

Da farko sauraro ne. Ban san lokacin da ya koma tarawa ba. Na koyi bambancin babban faifai mai faɗin inci 12, wanda ke juyi 33 a minti, kowane gefe ya ba ka kusan minti ashirin, da ƙaramin mai inci 7 mai juyi 45, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na koyi na garmaho na da, mai juyi 78, wanda aka yi da wani ƙaro mai gautsi, in ya suɓuce ya faɗi ya tarwatse kamar tangaran. Na san bugun kamfanin EMI, na san na Decca, ina duba faifai a hasken rana in faɗa maka allurar da aka riƙa sa masa ta dakushe ko ba ta dakushe ba. Har na yi aure a 1979, rabin albashina a shagunan faifai yake kwana.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwan kaset. Da ya cika gari a shekarun 1980, mutane suka fara zubar da faya-fayansu. Kaset ya fi araha, yana shiga aljihu, ana sa shi a mota, kuma kowa na iya kwafa wa ɗan'uwansa. Masu shaguna suka riƙa sayar da faifai a kwali, ba ma a ƙirga. Ni kuma sai na ga kamar ana zubar da zinariya a juji, ni kaɗai nake da ido. Duk Asabar ina hanya. Yau Sabon Garin Zariya, wani makon Kaduna, in an yi albashi har Jos. In an ce wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa zai koma gida yana neman rage kaya, kafin azahar ina ƙofar gidansa.

Asabar da Lahadi kuwa su ne kawai ranakun da 'ya'yana suke da ni. Sauran kwanakin ina fita suna shirin makaranta, in dawo sun tafi Islamiyya. Maƙwabcinmu yana da wata tsohuwar Peugeot, kusan duk wata sai ya loda iyalinsa zuwa gidan namun daji na Audu Bako, ko su yi nisa har Tiga su ga ruwa, su dawo da rake da kifi. Wani lokaci yakan cusa nawa a cikin nasa. Hoton da babbar 'yata take da shi a gaban kejin zaki, hannun maƙwabci ne a kafaɗarta. Na yi musu alƙawarin Bagauda sau nawa, Allah ne ya sani. A yi musu wanka, uwarsu ta dafa shinkafa ta zuba a langa, sai in ce bari in je in dawo, rabin awa. In shigo bayan la'asar da kwali a ka, in tarar sun cire kayan, an cinye shinkafar a tsakar gida.

Amma fa a yi mini adalci. Ban sha giya ba, ban yi caca ba, ban bi matan banza ba. Tsarana da yawa kuɗin Udoji can suka kai su. Gidana bai taɓa kwana ba tuwo ba. Ko a shekarun SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, bayan 1986, da albashi ya zama ba ya kai tsakiyar wata, ba a taɓa koro mini yaro daga makaranta ba. To, sau ɗaya an koro na biyun, amma kwana uku ne kawai, kuma na biya. Sannan abin da na tara ba shirme ba ne. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos ya bi shi a 2015, ga wasu da yawa da yaran yanzu ko sunansu ba su ji ba. Akwai muryoyin da nake da su a ɗakin nan waɗanda ban taɓa jin su a wani wuri ba. Da ban bi gida-gida na kwaso su ba, da yara sun yi wasan garé da su. Wannan ba na nadamarsa, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ina yi ba.

Sai dai duk sanda na gama jera wa kaina waɗannan hujjoji, akwai rana ɗaya da take tasowa ta rushe su.

Bazara ce, irin zafin watan Afrilu na Kano da ko ƙadangare ke neman inuwa. Babbar 'yata tana da shekara shida. Na fita na manta ban rufe ɗakin faya-fayan ba. Tana wasan girki da ƙawayenta a tsakar gida, ta dafa tuwon ƙasa a 'yar ƙwarya, ta rasa abin rufewa. Ta sha jin ina cewa faifai, faifai, ta kuma ga uwarta tana rufe ƙwaryar fura da faifai. Sai ta shiga ta zaro ɗaya daga cikin jakarsa ta kife a kan tuwonta, a tsakiyar rana. Faifan roba ba ya jure zafi. Kafin in dawo ya lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe. Na sha wahala kafin in sami wannan faifan, sai da na je Jos sau biyu. Ban tsaya tambaya ba, na ɗauke ta da mari. Ba ta ma yi kuka nan take ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, ai kai ka ce faifai ne."

Uwarta ta zo ta janye ta. Da dare ta ce mini, "Malam, da na san da kishiyar da zan tarar a gidan nan, da na roƙi iyayena su ƙara bincike. Ta mutum ma ana raba kwana da ita." Na ji zafin maganar, na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarta sosai. Washegari kuma abin da na yi shi ne na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar. Ban ba yarinyar haƙuri ba. A tunanina na lokacin uba ba ya ba 'yarsa haƙuri.

Yanzu 'yar tawa ta haura arba'in, tana aure a Kaduna, tana da 'ya'ya huɗu. Tana yi mini biyayya, tana aiko mini da magani da turare, ba abin da zan ce ta rage ni da shi. Amma da sallar bara da suka zo, ina kishingiɗe sai na jiyo ta a zaure tana ja wa yaranta kunne ƙasa-ƙasa: "Kar wanda ya je kusa da ɗakin can na Kaka." Ba da fushi ta faɗa ba. Yadda ake gargaɗin yaro game da rijiya, haka ta faɗa. Faifai sama da dubu da ɗari huɗu ne a ɗakin, shekara hamsin ina gaya wa kaina don 'ya'yana nake ajiye su, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya san yadda ake sauke allura. Na taɓa tambayar babban ɗana abin da za su yi da su bayan raina. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana." Na gane amsar. Kwali uku na tsohon nan na Sabon Gari, ai haka suka fito kasuwa.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, ku masu tasowa. Da na tace sai na ga ba su kai ba.

Ranar da ka yi wa yaro alƙawarin fita, wannan ranar ta fita daga hannunka. In an yi masa wanka an sa masa takalmi, to ko faifan da babu irinsa a duniya aka ce ga shi can, ka tada mota ka kai shi inda ka ce. Yaro ba ya mantawa. Ba zai yi maka ƙorafi ba, zai dai daina shiryawa, kuma ba za ka lura da ranar da ya daina ba.

Ka faɗa wa matarka ainihin kuɗin da ka kashe. Na shekara talatin ina raba farashi biyu kafin in shigo gida, ita kuma ta shekara talatin tana sane. Wannan ƙaramar ƙaryar ta ci mana abin da faifan bai ci ba.

Da zan bi zuciyata ta ranar Asabar, da na ce ku bar harkar nan gaba ɗaya, ba ta da ƙarshe, kullum akwai guda ɗaya da ya rage. Amma ba zan iya faɗa ba. In kun ji an ce ga faya-fayan mawaƙanmu na da za a zubar, ku je ku kwaso, kar ku bari su kwana. Turawa suna zuwa ƙasar nan takanas suna saye suna fita da su, mu muna kallo. A Amurka ma abin ya dawo, a 2022 faifan roba ya fi faifan CD yawan fita a kasuwa, karon farko tun 1987. Na san yanzu na ce ka kai yaro inda ka yi alƙawari ko me ya taso. Dukansu biyun nake nufi. Ka je ranar Lahadi, ka je da dare, ka aika wani da kuɗi. Yadda za ka haɗa su, kai ka sani, ni ban iya ba.

Abin da ke ƙona mini rai da ku shi ne ko laifin ma ba ku iya yinsa da zuciya ɗaya ba. Ni aƙalla na saurari abin da na saya, na san baitocinsa, na san wa ake yi wa waƙar da dalilin yin ta. Ɗan ƙanen nawa yana da faifai wajen sittin, na'urar kunnawar tasa ta lalace tun bara bai gyara ba. Ya jera su kwance ɗaya kan ɗaya, alhali a tsaye ake ajiye faifai don kar nauyi ya lanƙwasa shi. Yana kama shi da yatsu a tsakiya, ya bar shi a bayan mota rana na duka, ƙurar hunturu ta cika layukan ba ya gogewa. Hoto kawai yake ɗauka ya watsa a waya a yaba masa. Kuma ko kun fita da iyalin, me kuke yi? Na je gidan zu da jikan maƙwabci kwanakin baya, na ga uba zaune a benci kansa a cikin waya, ɗansa yana jan rigarsa yana cewa ya zo ya ga jimina, har yaron ya gaji ya zauna a ƙasa. Wannan da ni da na tafi Jos, ban ga wanda ya fi wani ba.

Kar ka sa wa ɗakin kwaɗo. Ka fito da na'urar falo, ka zaunar da yaro a cinyarka, ka kama hannunsa ya sauke allurar da kansa. Zai karce maka ɗaya ko biyu, ka haɗiye. Na garmaho masu juyi 78 ne dai ban yarda a ba yaro ba, waɗannan ka sa su can sama, in sun fashe shi ke nan.

Ɗan ƙanen nawa bai ji daɗin yadda na yi masa magana a gaban matarsa ba, na ga hakan a fuskarsa. Ya ce, "To Baffa," ya ja mota. Da magariba matar ta turo mini hoton yaran suna shan yogot a gaban kejin birai. Na ce masa Asabar mai zuwa ya kawo mini su gida da la'asar. Na kira mai gyara ya canza wa na'urata bel da allura, na sa an fito da ita falo, kwaɗon kuma na cire shi. Lanƙwasasshen faifan nan yana nan, ban taɓa yar da shi ba. Daren jiya na ɗauko shi na kira 'yata a Kaduna. Muka gaisa, na tambayi mijinta da yara, ta tambayi ƙafata. Ta ce, "Baba, akwai wani abu ne?" Na ce babu, gaisuwa ce kawai. Zan sake kiranta ranar Juma'a.