Lafanda 12 da na kashe da butar ban ruwa

Ranar Asabar da ta wuce 'yar ƙanina ta faɗo gidana, sallamar ma a tsaye ta yi ta, ta miƙo mini waya. "Gwaggo, kalli nan don Allah." Gona ce shunayya, layi-layi har inda ido ya tsaya, da wata yarinya a tsakiya tana riƙe da malafa. Sai ta zaro wasu 'yan ƙananan fakiti guda 5 daga jaka. Irin lafanda ne, wato shuka mai ƙamshi da shunayyan fure da ke cikin hoton, ta yi odarsa ta intanet da abin da ta tara na alawus ɗin bautar ƙasa. Za ta shuka a filin bayan gidansu da zarar ruwa ya sauka, ta tatsi mai, ta haɗa humra da sabulu, har sunan kamfani ta riga ta raɗa. Na tambaye ta ko ta taɓa shuka wani abu. Ta ce ai wannan ba ya son wahala, an rubuta a jikin fakitin cewa yana jure fari.

Da na ji "yana jure fari" sai gabana ya faɗi, don da wannan kalmar aka kama ni shekara 11 da suka wuce.

A shekarar na yi ritaya daga koyarwa. Autana ya tafi jami'a, maigida kullum yana hanya, gidan ya yi mini faɗi. Muka je biki Jos cikin watan Nuwamba, a hanyar dawowa na sa direba ya tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Can na ga wasu 'yan shukoki a baƙar leda, ganyensu siriri mai ruwan toka, ba wani kyan gani. Na murza ganye ɗaya tsakanin yatsuna na shinshina. Wallahi har yau in na tuna sai na lumshe ido. Ƙamshi ne mai sanyi, da ɗan kaifi a ƙarshensa kamar na kafur. Na sayi 12 ba tare da na taya ba. Mai sayarwa ya ce, "Hajiya, ba ta da matsala, ko a hamada za ta yi." Na ce ruwa fa? Ya ce safe da yamma, kamar kowane fure.

Ban ɗora masa laifi duka ba, ko da yake wani lokaci ina ɗorawa. A Jos yake, inda tudun ya kai kusan mita 1,200 kuma dare ke da sanyi ko a bazara, shukokinsa kuma ba sa wuce 'yan makonni a hannunsa kafin a saye. Bai taɓa ganin yadda suke ƙarewa a Zariya ba. Ni ce dai na kwashe shekara 30 ina ce wa ɗalibai su yi tambaya, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tafiyar 'yan mintoci daga gidana, cike da mutanen da ƙasa da shuka ne sana'arsu, ban taka na tambayi kowa ba. Na ga kamar abin kunya ne mace mai shekaruna, wadda ta tashi a gidan noma, ta je tambayar yadda ake shuka fure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da na zaɓa. A tsakar gidanmu akwai wani lungu kusa da rariya inda surukata, Allah Ya jiƙanta, ta bar ɗoɗɗoya tana fitowa da kanta shekara da shekaru. Ba mai ba ta ruwa, ruwan alwala da na wanke-wanke ya ishe ta. Na sa yaro ya tuge ta kaf. Na ce ta yi ƙauyanci. Na sa aka haƙa wurin, aka zuba kashin awaki buhu 2 da ya ruɓe sosai, aka yi kwari a zagaye yadda ruwa zai kwanta, kamar yadda muke yi wa yalo da barkono. Wato duk abin da lafanda ta tsana a duniya, na tattara mata shi wuri guda: jar ƙasa mai danƙo, taki mai ƙarfi, da gindi a cikin ruwa.

Da farko ta yaudare ni. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, ta yi kyau har tana sabon toho. Iska busasshiya, dare da sanyi, ƙasa na shanye ruwan kafin ya yi ɓarna. Na riƙa kiran maƙwabta su zo su shinshina. Da bazara ta kama, Maris zuwa Afrilu, sai na ga kawunansu suna langaɓewa da rana tsaka. Na ce ƙishi ne. Na ƙara ruwa. Suka ƙara yaushi, na ƙara ruwa. Lokacin famfo ya ɗauke, jarka nake saya wurin 'yan garuwa, ina hana yara wanki don lafanda ta sha. Ba wanda ya gaya mini cewa shukar da saiwarta ta fara ruɓewa, yaushin da take yi iri ɗaya ne sak da na mai jin ƙishi, tunda ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwan da take kwance a ciki. Ku faɗa mini, wa zai ga shuka ta yi laushi cikin zafin Afrilu ya ce a rage mata ruwa? Ko uwata da ta haife ni ruwa za ta ƙara.

Guda 7 suka kai damina. Markar Agusta ta ƙarasa su cikin mako 2. Na tuna safiyar da na tuge ta ƙarshe. Ganyen ƙasa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, na sama yana nan da ɗan launinsa, shi ya sa nake ta sa rai. Da na ja, ko turjiya ba ta yi ba, ta fito salin-alin. Saiwar baƙa ƙirin, na taɓa ta da farce sai ɓawon ya saɓule ya bar wani zare siriri, ga wani wari kamar na tsumman da ya kwana a ruwa. Amma da na murza busasshen ganyen, ƙamshin yana nan. Na zauna a kan turmi na yi hawaye, ni da ko ranar da aka sallame ni daga aiki ban yi ba. Yanzu na san ba shukar kaɗai nake yi wa kuka ba. Na saba da safiya in shirya yara, in shiga aji in sami wasu 60 suna jirana. Da duk suka watse, butar nan ce ta zame mini aikin yi. Ko da an ce mini kar in ba ta ruwa, ban tabbata zan iya bari ba.

Sai daga baya na zauna na karanta, ihu bayan hari. Lafanda 'yar tuddan gaɓar Bahar Rum ce, kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya, inda ƙasa ke da tsakuwa da farar ƙasa, ruwa ba ya kwana. Can ruwansu yana zuwa ne lokacin sanyi, zafinsu kuma busasshe ne, watan Yuli da take fure shi ne mafi ƙarancin ruwa a shekara. Mu kuwa namu a juye yake. Sanyinmu ne busasshe, ruwanmu kuma yana zuwa da ɗumi, a Zariya kusan milimita 1,000 a cikin wata 5. Gaskiya ne tana jure fari. Abin da fakiti ba ya faɗa shi ne ba ta jure damina, kuma ɗumi haɗe da danshi shi ne abin da cututtukan saiwa suka fi so.

Ban daddara ba. Shekara ta biyu na sa aka kawo mini iri daga waje. Na barbaɗa a kasko, na jira wata guda, guda 3 suka leƙo kamar gashin jariri, suka mutu. Ashe irin yana son ya sha sanyi na 'yan makonni kafin ya farka, masu yi sukan sa shi a firij cikin danshi. Firij kuma a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. A shekara ta uku ne na dace da wata lafandar mai ganye haƙora-haƙora kamar bakin zarto, wadda ta fi sauran jure zafi. Na sa ta a tukunyar ƙasa da na huda gindinta, rabi rairayi da tsakuwa, na ɗora kan bulo a inda rana ke duka amma indararo ba ya kaiwa, in hadari ya taso in ja ta ƙarƙashin rumfa. Ta yi shekara 3. Ta yi fure, 'yan kaɗan, ba irin na hoto ba, ƙudan zuma suna zuwa. Sai wata rana na ga gindinta ya zama ice, ta yi tsayi ba fasali, na ɗauki almakashi na daddatse ta har ƙasa kamar yadda ake yi wa zogale, wai ta yi sabon toho. Zogale yana yafewa. Lafanda in ka yanka ƙasa da inda ganye yake, tsohon icen da wuya ya sake tsirowa. Haka na zura wa kututture ido wata 2.

Duk wannan na so in gaya wa 'yar nan ranar Asabar. Ina cikin labarin surukata na ga babban yatsanta yana tafiya a kan waya. Na ce ina magana kina latse-latse? Ta ce wai tana duba abin da nake faɗa ne ko haka yake. Ni da na binne 12 da hannuna, sai waya ta gaskata ni! Yaran yanzu ba sa jin magana sai an sa mata kiɗa a ƙarƙashi, kuma kar ta wuce minti guda. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wani ya tura mata. Na yi niyyar kawo shawara 10, har na jera su a takarda, da na duba sai na ga yawancinsu abu ɗaya nake maimaitawa.

Wannan gonar da kuke gani a hoto, yawanci a tudun Valensole ne a Faransa, kuma akasarin abin da ke ciki ba lafandar asali ba ce. Wata ce da aka samu daga barbarar iri biyu, ana ce mata lavandin, kuma juya ce, ba ta ba da irin da zai tsiro, da reshe ake dasa ta. Saboda haka duk wanda ya sayar miki da iri da wannan hoton a jikin fakiti, abin da ke ciki daban, hoton daban. Mai kuma da ake maganar tatsa, lafandar asali sai an tara fure sama da kilo 100 kafin a sami kilo 1, da tukunyar turara ta musamman. Ku lissafa wannan da filin bayan gida. Wadda ke son yin humra ta sayi man a kwalba ta yi sana'arta, kar ta haɗa kasuwanci da gwaji.

Kar ku shuka ta a ƙasa, kar ku shuka ta da damina. Tukunya, rairayi, tsakuwa, ba taki, a fara da kaka in ruwa ya ɗauke. Ku nemi reshe ko dashe wurin wanda tasa ta riga ta ga damina 2 a garinku. In ba ku sami irin wannan mutumin ba, wannan ma amsa ce.

Ku ɓoye butar. To, ban ce ku bar ta ta ƙone ba, sabon dashe yana son ruwa a makonnin farko kafin saiwa ta kama, kuma tukunyar ƙasa a watan Afrilu tana bushewa kafin azahar, wata ƙawata da na tsorata da labarina ta kashe tata da ƙishi, har yau tana yi mini gori. Ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da sanyi, ku koma ɗaki ku nemi wani aikin. Matsalar ku ba ku son taɓa ƙasa, farce ya sha ado.

Da ni ce ku, ma ba zan fara ba. Ga lalle, furensa da daddare ƙamshinsa na cika gida, kuma ba ruwansa da fari ko marka. Ga jema da kajiji da iyayenmu ke turare da su tun kafin a san kwalba. Ko lafandar ma akwai danginta na daji a duwatsun Ayar can sama da Agadas, da Tibesti a Chadi, a nan kusa da mu, ba wanda ya ɗauke su hoto da malafa shi ya sa ba ku san da su ba. Amma kuma in ban fara ba, da ban ga ƙudan zuman nan a kan tukunyata ba, kuma ban yarda wani ya ce mini shekara 3 ɗin nan asara ce ba. Ku shuka guda ɗaya. Guda ɗaya na ce, ba fakiti 5 ba.

Jiya 'yar ƙanin nawa ta bugo mini waya. Ta ce ta sa fakiti 2 a firij ɗin maƙwabta masu sola, sauran 3 kuma za ta watsa su a filin da ruwan farko, "don a gwada, Gwaggo." Na ce Allah Ya ba da sa'a. Ta ce in ajiye mata tsohuwar tukunyata mai huda. Na leƙa lungun rariya in ɗauko, sai na tarar ɗoɗɗoya ta fito a cikinta, har ta yi fure. Na ce mata ta sayi tata a kasuwa, wannan akwai mai ita.