Fitilar titi mai sola: lissafin da ke hana ta mutuwa da tsakar dare

Yawancin fitilun titi masu sola da ke ɗaukewa wajen ƙarfe biyu na dare, kwansu lafiya lau yake, batir ne bai ƙoshi ba. Matsalar tun wajen saye take farawa, domin "300W" da ake bugawa a jikin kwali sau da yawa talla ce kawai. Abu uku za a tambaya: wat nawa kwan LED yake ci a zahiri, wat-awa (wato wat sau yawan awannin da aka yi ana cin wuta) nawa batir yake ɗauka, wat nawa farantin sola yake bayarwa.

A ɗauki kwan wat 30 a dare mai awa 12. In zai kwana da cikakken haske, wat-awa 360 ke nan. Nan wayon fitilar yake da rana: a saita ta da cikakken haske awa 4 na farko, 120 ke nan, sauran awa 8 ta sauko zuwa kashi 30 cikin ɗari, wato 72. In mutum ko mota ta gifta, na'urar gano motsi ta ɗaga hasken na kamar daƙiƙa 30. Duka dai a ce 220.

Batirin LiFePO4 (wani nau'in batirin lithium) mai volt 12.8 da amp-awa 50 yana ɗaukar wat-awa 640, wato 12.8 sau 50. In an bar kashi 20 cikin ɗari na cajin a ciki don kada ya gaji da wuri, zai riƙe dare biyu ko da rana ba ta fito ba. Wajen faranti ne ake yawan yin rowa. In ana samun rana mai ƙarfi awa 5, aka cire kashi ɗaya cikin huɗu da zafi da wayoyin wuta suke cinyewa, faranti mai wat 60 zai ba da wat-awa 225. Abin daren kaɗai ke nan, babu rarar da za ta cika batir bayan kwanakin hadari. A sa faranti mai wat 100 da na'urar caji irin MPPT, wadda ke tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa, kuma a yi lissafin da watan da rana ta fi ƙaranci.

Ƙura da kashin tsuntsu suna rage caji a hankali, don haka a karkata farantin aƙalla digiri 10 yadda ruwan sama zai wanke shi. Inuwar reshe ɗaya a kusurwa ma ta isa ta karya cajin yini.

Na'urar gano motsi irin PIR ɗumin jiki take ji, shi ya sa a daren zafi takan yi kamar ba ta ga mutum ba. Abin da ya fi ruɗa masu gyara kuwa shi ne fitilar da ta ƙi kamawa ko take ƙyafta ido. Daga ƙarfin wutar faranti take gane duhu ya yi, to in hasken wata fitila yana dukan farantin, sai ta ɗauka gari bai rufa ba.

In fitilun suna aika rahoto ta GSM ko LoRa (hanyar aika saƙo ta rediyo mai cin dogon zango), a riƙa duba ragowar cajin batir da asuba. In kullum raguwa yake yi alhali sama garau take, a fara da wanke faranti kafin a taɓa batir.