Yadda ihun masoya ya kora The Beatles ɗakin ɗaukar sauti

Ranar da na fara jin "Tomorrow Never Knows", waƙar ƙarshe a faifan Revolver, na ɗauka zaren kaset ɗina ne ya harɗe, har sai da na tsayar da rikoda na ciro shi na duba. Ashe lafiyarsa lau, haka The Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, suka so ta fito a 1966, su da shekara uku kafin nan ba su da abin rerawa sai soyayyar samari da 'yan mata.

An fi jingina wannan sauyi ga ƙwayar LSD da John Lennon da George Harrison, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, suka fara sha a 1965, kuma ba zan wanke ta ba, amma a ganina ihun masoya ya fi ta tasiri. A filin wasa na Shea da ke New York, cikin Agustan 1965, mutum fiye da 55,000 suka taru, kururuwarsu ta danne kiɗan har makaɗan ba sa jin juna. Makaɗin da ba a jin kiɗansa ba shi da dalilin ƙara ƙwazo a dandali, saboda haka suka karkata ga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan.

A can ne Paul McCartney, shi ma ɗan ƙungiyar, ya kawo guntayen zaren sauti da ya naɗa a gida, aka haɗa bakin kowanne da wutsiyarsa ya zama zobe mai maimaita kansa, ma'aikata suna riƙe da fensir don zaren ya tsaya a miƙe yayin da yake zagayawa. Lennon ya nemi muryarsa ta fito kamar ta mai addu'a daga ƙololuwar dutse, sai injiniya Geoff Emerick, ɗan shekara 20, ya bi da ita ta cikin lasifika mai juyawa da aka ƙera domin ogan, wani abin kiɗa mai kama da fiyano. Irin wannan waƙa ba ta kaɗuwa a gaban jama'a, kuma a rangadinsu na ƙarshe, wanda ya ƙare a San Faransisko ranar 29 ga Agusta 1966, ba su rera ko ɗaya daga Revolver ba.

Ba duk gwajin nasu ne ya kwanta mini a rai ba. "Revolution 9" ta 1968, mai sama da minti takwas na hayaniya da gutsuttsarin magana, har yau tsallake ta nake yi.