Abin da na fito da shi daga ajin Sifaniyanci na dare

Na kammala matakin A1, wato matakin farko, a ajin dare da ake yi wa baƙin ma'aikata a Almeriya da ke ƙasar Sifaniya, amma har yau darasin yunwa da ƙishirwa yana min zafi a rai. Duk wanda ya ce estoy hambre maimakon tengo hambre, wato ina jin yunwa, sai malamar ta tsayar da shi ya yi ta maimaitawa, aji na dariya. Mu da muka taso da Turancin Ingila muka zama abin wasanta. 'Yan Senegal da na Maroko kuwa kullum yabo, wai kansu na ja, alhali Faransanci ne ya share musu hanya: j'ai faim da tengo hambre gininsu ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta faɗi dalili ba.

Wani ɗan Damagaram da muke tsinkar tumatir tare a rumfar leda shi ya warware min, muna zaune kan kwandunan roba lokacin hutun rana. Ya ce, "Ɗan'uwa, a wajensu yunwa abu ce da mutum yake da ita, ba jin ta ake yi ba." Ke nan tengo hambre, tengo sed in ƙishirwa ce, tengo sueño in barci ne, tengo frío in sanyi. Tunda hambre kalmar suna ce, in za a ce da yawa mucha ake sa mata ba muy ba: tengo mucha hambre. Harafin h kuma ba a furta shi. Bayanin da bai kai tafasar shayi ba, shi aka hana mu.

Shi ya ja min kunne kan zafi: tengo calor ake cewa. Estoy caliente maganar sha'awa ce, kada a kuskura a gaban mutane.

Sauran na tsince su a kan titi. Quiero agua, ina son ruwa, ba rashin kunya ba ne in ka haɗa da por favor, wato don Allah, duk da malamar ta rage min maki a kansa. Me gustaría, wato zan so, ta fi ladabi. Marmarin abu a Sifaniya me apetece ne, 'yan Meziko su ce se me antoja. Tengo ganas de volver, ina ɗokin komawa, wannan ba wanda ya koya min sau biyu.

No como cerdo kuwa, ba na cin naman alade, ba ta cikin darasin malamar sam, a ƙasar da jamón, busasshiyar cinyar alade, ke rataye a kusan kowane gidan abinci. Sababbin zuwa ni nake koya musu ita yanzu, tun kafin gaisuwa.