Baƙin garin da ke cikin saiwar waken soya

A jigawar Maraɗi akwai wani ciwon waken soya da ke bayyana bayan fure, in ruwa ya ɗauke kwana goma ƙasa ta ɗau zafi. Shuka ta yi yaushi ta bushe a tsaye, ganyenta bai zuba ba. Manomi ya ce fari ne. A tumɓuke ɗaya, a ɓare bawon gindin da farce: za a ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi. Wannan fumfuna ce, masana na kiranta Macrophomina. Tana toshe hanyar ruwa a jikin shuka, kuma ƙwayoyinta na shekaru a ƙasa. Wake, gyaɗa, riɗi da dawa duk tana kama su, don haka gero ya fi dacewa a juya gona da shi.

Babban abin da aiki ya koyar shi ne, fumfuna mai amfani irin Trichoderma, wadda ake sa wa gona don ta yaƙi wannan ciwo, ba ta zama a ƙasar da ba taki. A zuba ta a rairayi tsura, yunwa da zafi su kashe ta. Sai a fara rainonta: kilo 1 na garinta a buhu biyu na takin da ya ruɓe sarai, wajen kilo 100. A yayyafa ruwa har in an dunƙule takin ya haɗu amma bai ɗiga ba, a rufe da buhunan algarara a inuwa, a juya bayan kwana huɗu. Cikin kwana 7 zuwa 10 kore-kore zai fito. Dunƙule guda a kowane rami ranar shuka, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa.

Ɗanyen kashin dabbobi shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma abin takaici ne, don zafin ruɓarsa na dafa fumfunar tun a tsibi. A sa hannu ciki. In da ɗumi, a jira.

Ga iri kuwa, giram 10 na garin Trichoderma a kilo guda, da ɗan ruwan ƙaro don ya manne, a shanya a inuwa a shuka ranar. Irin da aka riga aka cuɗa da hodar kashe fumfuna kada a haɗa shi da Trichoderma. A duba kwanan watan da ke jikin ledarta kafin a saya, wadda ta sha rana a rumfar kasuwa a bar ta.