Supa gulu ya zube a teburin Mma, ni kuma na ƙarasa shi da rimuba

Wata biyu ke nan amma har yau in na shiga falo idona wurin yake fara zuwa. Teburin tsakar ɗaki ne na katako mai sheƙi, Mma Allah ya jiƙanta ita ta sa aka yi min shi lokacin aurena, tun kafintocin Kumasi suna unguwar Anloga ba a mayar da su Sokoban ba. Shekara da shekaru muna Aboabo da shi, mun tashi gida sau biyu, yara sun hau sun sauka, bai taɓa yin komai ba sai da ni da hannuna na ɓata shi cikin minti goma.

Ana gobe Sallah ne. Babban yarona takalminsa ya ɓalle, ya je kanti ya sayo supa gulu ɗin nan ƙarami, ya zauna a falo zai liƙa, bakin ya toshe sai ya matsa da ƙarfi, gam ɗin ya fashe ta gindi ya tsiyaya a kan tebur. Faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Da na bar shi a haka wallahi da magana ta ƙare da sauƙi.

Ina fitowa daga kicin na gani, abin da ke hannuna tsumma ne na tsohon zanin auduga, sai na danna a kai zan goge. Ban ƙirga biyar ba na ji tsumman ya ɗau zafi a yatsuna, zafi na gaske kamar na taɓa murfin tukunya, har da wani ɗan hayaƙi mai shiga ido. Na yar da shi, rabi ya manne a tebur. Daga baya ƙanena da ya karanta kimiyya a jami'ar KNUST yake min bayani a waya, ya ce Yaya ai sunan abin cyanoacrylate, kuma ba iska ce ke busar da shi ba, laima ce, in ya haɗu da auduga ko ulu yana daskarewa lokaci ɗaya ya fitar da zafi har ya ƙona fata. To ni ina na san wannan? Kuma saboda rashin sanin na ƙara da zuba ruwa wai ya jiƙa, nan take ya yi fari fat ya ƙame kamar dutse da zaren zani a cikinsa.

Nan ma da sauran gyara. Inda na kashe teburin shi ne rimuba, wato ruwan goge jan farce.

Maƙwabciyata ce ta leƙo ta ce Anti ai ruwan goge jan farce yana narkar da shi, ita da shi ta cire a yatsanta. Kuma gaskiya ta faɗa, asiton ɗin da ke ciki yana narkar da supa gulu, ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da ba ta sani ba nima ban sani ba, asiton bai san bambancin gam da folish ɗin katako ba, duk abin da ya tarar ci yake. Ga baƙi gobe, ga nama ga miya a wuta, ban tsaya gwadawa a ƙasan tebur inda ba mai gani ba, na tuttula kusan rabin kwalba na sa soso ina dirza. Gam ɗin ya fara laushi ina murna, sai na ga soson ya koma ruwan ƙasa. Folish ne yake fita. Kafin in ankara tabon da bai wuce murfin kwalba ba ya zama kamar faɗin faranti, fari-fari, yana danƙo, ga wani layi inda ruwan ya gangara har bakin tebur ya ɗiga a kan rimot ɗin talabijin, shi ma robar ta narke ta yi dabbare-dabbare. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba don kuɗi ba, don hannun Mma ne a teburin nan.

Bayan Sallah maigida ya sa shi a aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka kai Sokoban, na bi su. Dattijon kafintan da muka samu ya shafa wurin da tafin hannu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce Hajiya gam ɗin bai yi miki ɓarna ba, maganin ne ya yi. Ya ce da na bar shi ya bushe da kansa ban taɓa ba, ɗigon zai tsaya a saman folish ne kawai, a zagaye shi da salatif ɗin takarda, a kwantar da sabuwar reza a hankali ana shaftarsa kaɗan-kaɗan har ya zo daidai da tebur, a bi da sanfefa mai laushi sosai, a shafa mai, shi ke nan aikin rabin awa. Yanzu kuwa dole a kankare saman gaba ɗaya a sake fesawa, don in aka yi faci a wuri ɗaya zai fito kamar tabon ƙuna. Na ce Baba ba wata dabara? Ya ce babu 'yata. Kuɗin da muka biya zai sayi gam ɗin nan katan guda har da canji.

Tun daga nan na zama mai tambaya kafin in taɓa komai, kuma na gane gam ba iri ɗaya ba ne. Danƙon sitika da ke kan sabbin kuloli da faranti in ka sayo a kasuwar Kejetia, wannan mai kawai yake so, man gyaɗa ko na girki, a shafa a bar shi kamar minti goma sha biyar a murza da yatsa ya tattaru, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun Key. Na daina kankara da wuƙa ina yi wa kwano zane. In a jikin firij ne ko roba, diraya ta gashi nake kunnawa ya ɗan ji ɗumi, sitikar ta ɗago da kanta, ragowar in bi da tsohon katin ATM. Gam ɗin ɓera da ya taɓa manne mana a tayil shi ma mai ne ya cire shi, ruwa da omo sai ƙara baza shi suke. Shatin salatif a gilashin taga kananzir kaɗan a tsumma, amma ban kai kananzir inda abinci ke taɓawa, warin ba ya fita da wuri. Cingam a kafet ƙanƙara ake ɗora masa ya yi tauri a ɓamɓare.

Asiton ɗin ma ban ce a jefar ba, a gilashi da tayil da ƙarfen da ba fenti yana aiki lafiya lau, na gwada a tayil ɗin banɗaki ya cire tsaf. Amma katako mai folish, fenti, robar talabijin, rimot, gilashin ido na roba, don Allah kar ku kusantar. Kuma yana kama wuta da sauri, ranar nan kurfoti na ci a bakin ƙofa ni ko tunanin haka ban yi ba, Allah ne ya tsare. In yatsu ne suka manne kar a fizga, a tsoma a ruwan ɗumi mai sabulu a riƙa murzawa a hankali, za su rabu.

Abin da ke ci min rai har yanzu, minti ɗaya ne kawai, in ɗiga ɗigo guda a ƙasan tebur in ga abin da zai yi. Ban yi ba saboda sauri.

An dawo da teburin ranar wata Alhamis, yana sheƙi fiye da da, kowa ya shigo sai ya ce kun yi sabon tebur. Amma kalar ta ɗan yi haske, ba ja mai duhun nan da Mma ta zaɓa ba, kuma akwai wani ɗan zane a gefe da babban yarona ya yi da cokali yana shekara biyu, Mma tana raye ta ce a bar shi kar a gyara. Sanfefa ta tafi da shi.