Rajistar da aka rufe tun kafin a san za a yi zaɓen

A jihar Jojiya ta ƙasar Amurka ba a cin kujerar sanata don kawai mutum ya fi abokan takararsa ƙuri'a. Sai ya haura rabin abin da aka kaɗa, in ba haka ba a koma zagaye na biyu tsakanin mutum biyun da ke kan gaba. Wannan duk mun sani. Abin da ya shammace mu, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne a shekarar 2022 an rufe rajistar zagaye na biyu ranar 7 ga Nuwamba, alhali zagayen farko sai washegari aka yi shi, ranar 8 ga wata.

Ina cikin 'yan sa kai da ke kafa tebur a harabar masallacinmu da ke yankin Clarkston, gabas da birnin Atlanta, bayan an sallame Juma'a. Aikinmu taimaka wa waɗanda suka samu takardar zama 'yan ƙasa su yi rajistar zaɓe. Akwai mu 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, da 'yan zango daga Gana, ga Somaliyawa da mutanen Habasha waɗanda suka fi mu yawa a unguwar. Ba ma tambayar kowa jam'iyyarsa, kuma ba ma gaya wa kowa wanda zai zaɓa.

Zaɓen 2020 ne ya ba mu ƙwarin gwiwa, shi ne kuma ya sa muka saki jiki. A lokacin Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'a 11,779 kacal, kujerun sanata biyu kuma suka tafi zagaye na biyu ranar 5 ga Janairun 2021. Mako tara ne a tsakani, rajista kuwa a buɗe take har 7 ga Disamba. Mutanen da ba su damu da zagayen farko ba suka ga ashe ƙuri'a ɗaya na da nauyi, suka yi ta zuwa teburinmu. Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ci, mu kuma muka riƙe a ranmu cewa bayan zagayen farko akwai sauran dama.

A watan Maris na 2021 Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a kan sabuwar dokar zaɓe, wadda ake kira SB 202. Duk duniya maganar ruwa aka kama: dokar ta hana ba mai jiran layi ruwa ko abinci in yana cikin tazarar ƙafa 150 daga ginin da ake zaɓe, ko ƙafa 25 daga wanda ke kan layi. Mu ma a nan hankalinmu ya tafi. Mun zauna mun yi ta muhawara a kan inda za a ajiye katan ɗin ruwa, da yadda za a gaya wa dattawa su zo da gorarsu da kujerar naɗewa. Mun karanta batun lambar lasisin tuƙi ko wata shaida da aka wajabta wa masu zaɓe ta gidan waya, da rage akwatunan jefa ƙuri'a da mayar da su cikin gini. Mun kuma ga an rage tazarar zagaye na biyu daga mako tara zuwa huɗu, muka ɗauka illarsa ita ce gaggawa kawai. A jihar ana rufe rajista ne ranar Litinin ta biyar kafin ranar zaɓe. Ƙirga Litinin biyar baya daga 6 ga Disamba, ranar zagaye na biyu na 2022, za ka sauka a kan 7 ga Nuwamba. Lissafin da yaro ɗan firamare zai yi da yatsunsa, amma babu takardar sanarwa ko ɗaya da ta zo hannunmu da ta fito da shi fili.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar da muke ce wa Baba, wanda ya daɗe yana tuƙin tasi a birnin. Ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa a ƙarshen Oktoba, bayan an rufe rajistar zagayen farko tun 11 ga wata. Ranar rantsuwar akwai masu raba fom ɗin rajista a bakin ƙofa, ya wuce su, don a saninsa an riga an rufe. Da ya zo masallaci da takardarsa a cikin leda, jama'a na ta yi masa barka, sai ya tambaye ni ko ya cike fom yanzu. Abin da duk teburin ya yi imani da shi na gaya masa: na Nuwamba ya wuce shi, amma ana ganin za a je zagaye na biyu, in an je za mu yi masa a tsanake. Da a ranar ya cike, da ya yi zaɓe a Disamba.

Sakamako ya fito kamar yadda aka zata. Warnock ya samu kashi 49 da ɗoriya, abokin hamayyarsa Herschel Walker kashi 48 da ɗoriya, ɗan takarar jam'iyyar Libertarian ya kwashe kusan kashi 2, babu wanda ya haura rabi. Juma'ar da ta biyo baya muka kafa tebur da fom cike da jaka. Wata ɗaliba cikinmu ce ta buɗe shafin zaɓe na jiha a wayarta don ta tabbatar da ranar rufewa, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Baba na tsaye a layi. Na ja shi gefe na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ma ya wuce ka." Ya ce, "Ɗana, ba kai ka ce in jira ba?" Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi fom ɗin ya cike duk da haka, ya ce Allah ya kai mu na gaba.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata Hajiya da ta ƙauro daga wata jiha a watan Oktoba, da samari da suka cika shekara 18 a tsakanin zagayen biyu. Waɗannan sun fi ba ni takaici, domin dokar jihar ta yarda yaro ya yi rajista tun yana da shekara 17 da rabi, muddin zai cika 18 kafin ranar zaɓe. Da an yi musu rajista a kan lokaci, da duk sun samu shiga.

Sauran aikin mun yi shi, ba laifi. Hutun bikin godiya (Thanksgiving) na ƙarshen Nuwamba ya faɗo tsakiyar makonni huɗun, sai da aka je kotu kafin a yarda a buɗe rumfuna ranar Asabar 26 ga wata, ranakun da doka ta wajabta na kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe kuma biyar ne kacal. Layi ya yi tsawo, mun yi jigilar tsofaffi, kowa da gorar ruwansa. Warnock ya ci da ratar ƙuri'a kusan dubu 100. Wasu abokan aiki suka ce to ai shi ke nan, ƙuri'ar Baba ba za ta canza komai ba. Ban yarda da wannan magana ba. Ban san wanda zai zaɓa ba ma. Mutum ya shekara da shekaru yana biyan haraji, ya haddace tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa da Turancin da ya koya a bakin fasinjoji, ya biya kuɗin takarda, sannan zaɓensa na farko ya kuɓuce masa a kan ranar da babu wanda ya ja hankalinsa gare ta.

Masu goyon bayan dokar suna cewa mako tara na kamfe ya gajiyar da kowa, kuma mutane sun fito da yawa a 2022. Gaskiya ne sun fito. Amma wanda aka rufe wa rajista ba ya cikin lissafin masu fitowa. Kuma shi kansa tsarin zagaye na biyun yana da tarihi: a farkon shekarun 1960 wani ɗan majalisar jiha daga garin Macon, Denmark Groover, mai ra'ayin wariyar launin fata, ya tsaya kai da fata a kansa, don kada baƙaƙen fata su haɗa kai a bayan mutum ɗaya su ci da ƙaramin rinjaye. Wani abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne dokar 2021 ta ba sojoji da 'yan jihar da ke ƙasashen waje damar jera 'yan takara bi da bi, daga wanda suka fi so, a takarda ɗaya, ta yadda ba sai an sake aika musu wata ba. Ashe akwai hanya. Bayan zaɓen, sakataren jihar mai kula da harkokin zaɓe a lokacin, Brad Raffensperger, wanda ɗan Republican ne, da kansa ya nemi majalisa ta soke zagaye na biyu a babban zaɓe.

Yanzu a teburinmu babu kalmar "jira". Duk wanda ya yi rantsuwa, a makon nan zai cike fom, ko da an ce masa rajista ta rufe, don rufewar ta zaɓe ɗaya ce, ta na gaba tana tafiya. Muna kuma tura shi ofishin lasisin tuƙi da takardarsa ya sabunta bayanansa, saboda in kwamfutarsu na nuna shi baƙo ne ana iya jingine rajistarsa, kamar yadda ya faru da mutum sama da 3,000 a 2018 har sai da kotun tarayya ta sa baki. Bayan mako biyu ya buɗe shafin zaɓe na jiha, My Voter Page, ya ga sunansa da idonsa. Da zarar an fitar da jadawalin shekara kuma, ranar zagaye na biyu muke fara nema, mu ƙirga Litinin biyar baya, mu rubuta ta da jan biro a allon sanarwa na masallaci.